Yaya ake auna nauyin gazawar zuciya, tunda duk wanda ka tambaya sai ya ce da sauƙi?

"Assalamu alaikum Dokta, barka da aiki. Ni ɗalibar aikin jinya ce nan Maradi, shekarar ƙarshe, ina son in rubuta memuwar ɗina kan masu gazawar zuciya da ke zuwa randebu. Malaminmu ya ce in auna nauyin cutar a kansu. Na buɗe rajista ban ga komi ba sai suna da shekaru da ranar kwanciya da ranar sallama, in na tambaye su kuma kowa sai ya ce da sauƙi alhamdulillahi, ko da takalmi ba ya shiga ƙafarsa. To mi zan auna, kuma da mi? Eko ya isa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa wuri guda, mi ake nufi da nauyin cuta ga wanda zuciyarsa ta gaza, sannan da wane ma'auni za a auna shi nan inda muke, inda mara lahiya ba ya karanta faransanci kuma yana ganin yawan koke rashin godiyar Allah ne. Batun eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura, bari in ba ki amsa tun yanzu, bai isa ba, zan zo kan dalili.

Kin dai san ciwon daga aji, zuciya ba tsayawa ta yi ba, tana bugawa, amma ko dai ba ta da ƙarfin tura jini daidai da buƙatar jiki ko kuma ta yi tauri ba ta cika yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki da hanta. Ciwon zama ne, a lafa ya tashi, a lafa ya tashi. Ana ƙiyasta mutum kimanin miliyan 64 ke ɗauke da shi a duniya. Abin da nake son ki riƙe shi ne a Turai ciwon tsofaffi ne masu shekara 70 zuwa sama, mu kuwa ba haka ba. Binciken THESUS-HF da aka buga a 2012, mutum 1006 a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara har da Nijeriya, ya samu matsakaicin shekarunsu 52 ne, babban sanadin kuma tansiyo, wajen kashi 45 cikin 100, sannan kusan kashi 18 cikin 100 sun rasu cikin wata 6. Wani binciken, INTER-CHF na 2017, ya samu kashi 34 cikin 100 na ƴan Afirka da aka bi sun rasu cikin shekara guda, alhali a Sin kashi 7 ne. Nijar ba ta cikin binciken farkon, saboda haka kar ki ɗauki lissafin ki ce na Maradi ne, amma fuskokin da muke gani a baranda ba su saɓa masa ba. Mutum mai shekara 50 shi ne mai noma, shi ne mai cefane, mai ɗiya ƙanana a lakkol. Nauyin ciwonsa ba irin na ɗan fansho ba ne.

Nauyin ƙasa daban, nauyin mutum daban

In kika ji masana lahiyar jama'a na cewa nauyin cuta, yawanci DALY suke nufi, ma'aunin da ya fito fili a rahoton Bankin Duniya na 1993, aikin Christopher Murray da Alan Lopez. Ana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta yanke da shekarun da aka rayu cikin naƙasa, kowace cuta an ba ta nauyi tsakanin 0 da 1, gazawar zuciya mai tsanani tana wajen 0.18. Wanga ma'auni na minista ne da masu raba kuɗi, don su kwatanta ciwon zuciya da maleriya da tamowa. Kuma a lissafinsu ba a ɗaukar gazawar zuciya a matsayin sanadin mutuwa, sai a maida gawar ga tansiyo ko ciwon ƙofofin zuciya da ya haddasa ta. Ni dai duk sanda na ga 0.18 ɗin nan sai in tuna dattijon da ke kwana zaune jingine da bango, in ce wanda ya sa lambar bai taɓa yin gadin dare ba. Shawarata ki ambaci DALY a gabatarwa ki wuce, ba za ki iya lissafa shi daga rajistar da kike da ita ba, kuma ba shi malaminki ke buƙata ba. Naki aikin shi ne nauyin da ke kan mutum guda da gidansa.

Dalilin da ya sa eko bai isa ba

Eko yana ba mu kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Lahiyayye daga kashi 50 zuwa sama, in ya sauko 40 ko ƙasa mu ce ƙarfin turawa ya ragu. Yana da amfani ƙwarai, shi ke nuna mana sanadi, shi ke gaya mana wane magani za mu sa. Amma kamar ki auna ƙarfin motar ban ruwa ne a lambun Gulbi, kin san abin da injin ke turawa, ba ki san ko albasar ta sha ba. Ina da ɗan kasuwa mai kashi 25 da ke hawa babur ɗinsa ya buɗe shago kullum, ina kuma da tsohuwa mai kashi 55 da ba ta iya kai kanta bayi sai an riƙe ta, don tata zuciyar tauri ta yi. In kika jera su da eko kaɗai za ki ce shi ya fi ta wahala, ƙarya ce kuwa. Gwajin jini na BNP ma haka, ga tsada, kuma ba ko'ina ake samu ba. Ki rubuta eko in akwai shi a karne, don rarrabe masu ciwon, amma kar ki kira shi nauyi.

Inda aikin yake

Ma'aunin da kowa ke fara amfani da shi shi ne NYHA, na ƙungiyar likitocin zuciya ta Niyok, tun 1928 yake. Mataki 4 ne, na 1 ba abin da ciwon ke hana shi, na 2 aikin yau da kullum na sa shi haki, na 3 ɗan ƙaramin motsi ma ya isa, na 4 ko yana zaune numfashi na gagara. Ba ya cin ko dala, shi ya sa nake son shi. Matsalarsa ita ce likita ne ke yanke hukunci, likitoci biyu su ga mutum guda ɗaya ya ce 2 ɗaya ya ce 3, an sha gwadawa an gani.

Babbar matsalar kuma ita ce wadda kika ci karo da ita. Mai gazawar zuciya ba ƙarya yake miki ba in ya ce da sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne a hankali yake rage rayuwarsa har ta zo daidai da numfashinsa. Bara yana zuwa gona, bana ya ba yara. Da yana zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, ya koma na unguwa, ya koma salla a zaure, ya koma salla a zaune. A kowane mataki in kika ce Baba kana haki, zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, don ya daina yin abin da ke sa shi hakin. Wanga raguwar ita ce nauyin, kuma tambayar yaya jiki ba za ta taɓa kamo ta ba.

Saboda haka ni ba na tambayar yaya jiki sai a gaisuwa. Bayan an gaisa sai in ce Baba a ina ka yi sallar asuba yau, a ina kake yin ta kahin ciwon nan. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sau nawa kake tsayawa. Ga mace in ce Inna wa ke yin daka yanzu, wa ke ɗebo ruwa, kina iya shara ki gama tsakar gida ba ki zauna ba, kina wanka da kanki ko sai an kama miki, kina iya goyo. Sai dare, don mafi yawan wahalar tasu da dare take kuma ba su faɗa, da matashi nawa kake kwana, ko a kujera kake kwana, kana farkawa numfashi ya sarƙe har ka fita waje neman iska. Akwai kuma wata alama da aka siffanta a 2014, numfashi ya ɗauke cikin daƙiƙa 30 in mutum ya sunkuya, su can ƙasashen Turawa suna tambayar ɗaura igiyar takalmi, mu muna da ruku'u da sujada sau biyar a rana, ki tambaya kawai, za ki sha mamakin yawan waɗanda za su ce ai sujada ce ta fara gagarata. Kuma ki saurari wanda ya rako shi. Sau da yawa tsoho na cewa lahiya lau, matarsa na bayansa tana girgiza kai.

Sharaɗi guda, tambaya iri ɗaya a kowane zuwa, a rubuta. In yau kin tambayi masallaci gobe kin tambayi kasuwa ba ki auna komi ba.

Don ki samu lamba da ba ta dogara da baki ba, ki yi gwajin tahiyar minti 6. Baranda mai tsawon mita 30, shimfiɗaɗɗiya, ki sa alama a kowane ƙarshe, kujera a gefe, agogon wayarki. Ya yi ta kai da komowa gwargwadon iyawarsa, ya huta in ya gaji amma agogo na tahiya, ki rubuta mita nawa ya ci. Ƙasa da mita 300 alama ce mara kyau. Ki auna tansiyo da bugun zuciya kahin da bayan, kar ki yi wa wanda ke haki a zaune ko mai ciwon ƙirji, kar ki yi ba tare da majo ko likita na kusa ba, kuma don Allah da safe, ba ƙarfe 1 na rana a watan Afrilu ba. Sai sikeli, ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ba ƙiba ba.

Takardun tambayoyi

Biyu ne suka yi fice. Ta Minesota tun shekarun 1980, tambaya 21, kowace daga 0 zuwa 5, jimla 105, in lamba ta hau wahala ta ƙaru, tana tambayar wata guda da ya wuce. Sai KCCQ ta Kansas Siti da aka buga a 2000, tambaya 23, akwai gajeruwa mai 12, daga 0 zuwa 100, ita kuma in lamba ta hau sauƙi ne, tana tambayar sati 2, kuma bambancin maki 5 ana ɗaukar shi canji ne na gaske da mara lahiya ke ji a jikinsa. Ki kula kar ki cakuɗa su, na ga wanda ya juya lissafin. Akwai EQ-5D mai tambaya 5 da ba ta keɓanta da zuciya ba, amfaninta kwatanta masu zuciya da masu wata cutar.

In ni ne ke, ta Minesota zan ɗauka. KCCQ ta fi kaifi wajen gwajin magani, amma Minesota tana tambayar abin da ke cin mutanenmu, ko ciwon ya hana ka neman abinci, ko ya ci maka kuɗi, ko kana jin ka zama kaya ga iyalinka, ko ya hana ka cin abin da kake so, har da kwanciyar aure. Tambayar zama kaya ga iyali ki yi ta a hankali ba gaban jama'a ba, maza manya na zubar da hawaye a kanta. Ta auren kuma ke ƴar yarinya ba za ki yi wa sa'an mahaifinki ita ba, ki samu namiji abokin aiki ya yi wa maza, ke ki yi wa mata, in ba haka ba kowa zai ce 0 ki rubuta ƙarya.

Dukkansu suna da masu su, sai an nemi izini kahin a yi amfani da su, malaminki ya san hanya. Kuma an yi su ne don mai karatu ya cike da kansa, mai hawa bene da gudun cimma bas. Ke za ki karanta musu da Hausa. To ki zauna da mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa, wani na uku ya maida ita faransanci a ga ko ma'ana ta kauce, ki gwada kan mutum kaɗan, sannan ki tsaya kan kalmomi iri ɗaya ga kowa. Daga 0 zuwa 5 kuma ki yi da yatsun hannu ko tsakuwa biyar, ya fi musu sauƙi. Amma ki faɗa a memuwar cewa fassararki ce, ba a tantance ta a kimiyyance ba, wanga iyaka ce ta gaske. Haka tambayoyina na masallaci da daka, daga aiki na tsince su, suna taimaka mini in gane mutum na gaba ko baya, amma ba ma'auni ne da aka gwada ba, ki sa su kusa da Minesota, kar ki sa su a madadinta.

Kuɗi da mai jinya

Nan ne rajista ta fi yin shiru. Kyautar magani da gwamnati ta kawo tun wajen 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa, babba mai gazawar zuciya aljihunsa ne da na danginsa, kuma magani ne na kullum, Lasilix, Aldactone, kaftofril ko inalafril, bisofrolol ko karbedilol, ga sababbi irin dafagliflozin da kaɗan ke iya saye. Kar ki ce nawa ka kashe, ba wanda ke riƙe lissafi. Ki bi abu ɗaya ɗaya na watan da ya wuce, ordonans, analis, eko, radiyo, kuɗin mota daga Dakoro ko Mayahi ko Tasawa zuwa da komawa na mutum biyu don ba ya zuwa shi kaɗai, abincin masu jinya, da abin da aka kai wa mai maganin gargajiya, ki tambaya ba da raini ba za su faɗa miki. Ma'aunin da OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta yi amfani da shi shekaru da dama, in kuɗin lahiya ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa ya zama bala'i ga gidan. Samun kuɗin shigar manomi da wuya, saboda haka tambayoyin da suka fi ba ni gaskiya su ne, an saida wani abu, akuya, damen hatsi, gona, an ci bashi, an cire yaro daga lakkol, kwana nawa ka yi ba magani don babu kuɗi. Ta ƙarshen nan ita ce ke bayyana yawancin dawowar da muke gani, an sallami mutum kumburin ya sace, maganin ya ƙare, a dawo da shi a kumbure. Wani lokaci kuma ba rashin magani ba ne, diklofenak ne na tebur yake sha don ciwon gwiwa, ko miya ta sha gishiri da magi da kanwa, ki tambaya.

Mai jinya ma yana da nasa ma'aunin, Zarit, tambaya 22. In ya yi miki yawa ki tambayi wa ke jinya, wane aiki ya bari, yana samun barci. Kusan kullum mace ce. Ga mara lahiyan kansa ki ƙara tambayoyi 2 na damuwa, PHQ-2, don ciwon na tahiya da ƙuncin rai kuma mai ƙunci shi ke fara barin magani.

Masu jego ki ware su

Yankinmu na cikin inda gazawar zuciya ta bayan haihuwa ta fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka siffanta ta a Zariya, wajen mace 1 cikin haihuwa 100, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciyar gadon wuta. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan na da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Rajistar PEACE ta Nijeriya da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta kuwa ba ta samu alaƙa da kunun kanwa da wankan ba, ta fi ganin rama da rashin karatu da tansiyon lokacin goyon ciki. Ni dai har yanzu ina hana wadda zuciyarta ta riga ta gaza shan kanwa, gishiri ne ko ta yaya. Abin da ya shafe ki shi ne nauyinsu daban ne, yarinya ƴar shekara 20 da jariri a hannu, ba ta iya goyo, an ce ta dakata da haihuwa, tana tsoron kishiya ko saki, uwar miji na ganin lalaci ne. Ba takardar da ke tambayar wannan. Ki zauna da kaɗan daga cikinsu su yi magana da bakinsu, da izininsu, ba suna. Kuma wasunsu zuciyar na farfaɗowa, saboda haka in kika cakuɗa su da tsofaffi masu tansiyo za ki ɓata lissafin duka biyun.

Waɗanda ba su dawo ba

Duk abin da na lissafa masu zuwa randebu kaɗai zai auna, su ne masu ɗan ƙarfi da ɗan kuɗi da kusancin gari. Mafi wahala na ƙauye kwance, ko an binne shi ba wanda ya rubuta. In kika tsaya kan masu zuwa sakamakonki zai yi kyau fiye da gaskiya. Maganinsa ki fara da waɗanda ake sallama daga gado, ki karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗa ko ƙane, da sunan gari, ki kira bayan wata 1 da wata 3, da wata 6 in lokacin memuwar ya bari. Ki ƙirga kwanakin da ya yi raye kuma ba a gadon asibiti ba, wanga lamba guda ta haɗa mutuwa da dawowa, kuma tana da sauƙin fahimta. In an ce miki ya rasu ki yi ta'aziyya tukuna, ranar kawai kike buƙata.

Ki rubuta watan da kika auna kowa, don wanda ya ce ba ya aiki a rani da wanda ya ce haka a tsakiyar damina ba asara ɗaya suka yi ba, azumi ma na canja shan magani. Ki duba jininsu, ƙarancin jini ya yi mana yawa kuma shi kaɗai na sa haki, haka tarin fuka da ciwon ƙoda da na hanta na iya kama da wanga ciwo, kar ki sa kowa a lissafi sai wanda likita ya tabbatar. Kuma kar ki yi kwaɗayin yawa, mutum 40 da kika bi har ƙarshe sun fi 200 da kika gani sau ɗaya. In kina cikin tambaya kika ga mutum ba ya iya ƙarasa jimla don haki, ko ya ce kwana biyu a zaune yake kwana, ki ajiye takardar ki kira likita, a ƙarasa tambayoyin ranar sallama.